Farautar Alama Ruwan Lemo

Tun da na gama karatun kwamfuta na zama injiniyan dangi na kyauta. Ni na buɗe wa Kawu shafin intanet inda yake sa farashin masara da gero. Ana nan sai wani abokin cinikinsa na Legas ya ce a sa wa shafin RSS, don sabon farashi ya riƙa iske shi ba sai ya leƙo ba.

"Ɗana, ya ce in aiki ya yi, wata alama ruwan lemo za ta fito a sama."

Na ce Kawu, kafin shayinka ya huce an gama. Fayil ɗin labaran yana nan, saura a nuna wa burauza inda yake. Layi ɗaya ne a sashen head na shafin: link mai rel="alternate", nau'insa application/rss+xml, sai adireshin fayil. Tun 2002 ake wannan dabara.

Na saka, na buɗe Chrome. Shiru. Na goge na sake, na koma Atom, ɗan'uwan RSS, na dawo. Na zargi waƙafi, na zargi kwamfuta, har maƙwabcin da ya ƙi amsa gaisuwata da safe sai da ya shiga lissafi. Wuta ta ɗauke, Kawu ya ba da kuɗin man janareto yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji.

Gab da asuba gaskiya ta fito. Chrome na kwamfuta ba ya nuna alamar sai an ƙara masa wata manhaja. Safari ya daina tun 2012. Firefox kuwa, wanda daga wurinsa Microsoft ta ari alamar a 2005, ya sallami RSS gaba ɗaya a Disambar 2018. Layina lafiyarsa ƙalau: ina ba Feedly, manhajar karanta RSS, adireshin shafin ta zaƙulo labaran.

Da na yi wa Kawu bayani ya ce, "Wato ka kwana kana sallama a gidan da aka tashi? To zana ta da kanka."

Na liƙa hotonta a shafin. Mutumin Legas ya danna, rubutun XML ya cika masa fuska, ya bugo waya hankali tashe wai an yi wa Kawu kutse.

Yanzu ta WhatsApp ake tura masa farashi. Kuɗin mai kuma Kawu ya rubuta su bashi a kaina.