Takarda Zuwa ga Hajiya Tramol, Baƙuwar da Ta Ƙi Tafiya

Takarda ta fito daga hannun wani dattijo mazaunin ƙasar Gwarzo, wanda dangin mahaifiyarsa suke Garo ta ƙasar Kabo, zuwa ga Hajiya Tramol, haifaffiyar Jamus, renon Indiya, wadda a yau ba ta da masaukin da ta fi sakewa a cikinsa kamar aljihun samarinmu. Gaisuwa gwargwadon abin da ladabi ya wajabta, ba ƙari, domin so da yarda da aminci da aka saba jerawa a kan takardu, in na rubuta miki su na yi ƙarya, ni kuwa shekaruna sun wuce na yin ƙarya a rubuce.

Amma ba'adu, da yake al'adarmu ce duk wadda ta shigo cikin dangi a binciki asalinta, na binciki naki, kuma adalci ya tilasta mini in shaida cewa ke 'yar halas ce. A shekarar 1962 masana harhaɗa magunguna na kamfanin Grünenthal suka samar da ke, a 1977 aka fito da ke kasuwa, da niyyar ki sassauta raɗaɗi ga wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya karye, da mai fama da ciwon daji, a bisa ma'aunin da likita ya ƙayyade, wato miligiram 50 ko 100. Har gobe wannan aikin naki babu mai inkarinsa. Sai dai wadda take sauka a tashoshin jiragen ruwa na Ikko da Kwatano cikin manyan sunduƙai, ta biyo hanya har ta iso mana, ba ta san wannan ma'auni ba, domin a jikin takardarta 200 ake gani, ko 225, ko 250, adadin da babu likita mai tsoron Allah da zai rubuta wa ɗan adam ya haɗiya gaba ɗaya a kan gajiyar noma.

Yayarki Kodin, wadda wani Bafaranshe ya tsamo daga cikin ofiyom tun 1832, ta fi ki son birni da son a san da ita, shi ya sa ta riga ki jin kunya. Ita ce 'yan Majalisar Dattawa suka tashi a kanta a 2017, suka ce ana shanye kwalabenta miliyan 3 kowace rana a Kano da Jigawa, ƙiyasin da ko an raba shi gida goma ya isa hana mai hankali barci. Ita ce kuma gidan BBC ya tona wa asiri a ƙarshen Afrilun 2018, duniya ta ga yaranmu ɗaure da sarƙa a Ɗorayi, har Ministan Lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya haramta shigo da ruwan tarin da ke ɗauke da ita da kuma sarrafa shi tun ba a kwana biyu ba. Daga nan ta shiga lulluɓi, ta yi tsada, ta koma sai mai hali, talakawan da ta yasar kuwa kika buɗe hannu kika karɓe su, ke da ƙawayenki su roci da sholisho.

Wallahi ina jinjina wa wayonki, ko da yake jinjinar takaici ce. Da a ce kin zo mana a sifar giya, da warinta da tangaɗinta da kwalbarta da ba ta ɓoyuwa, da tuni Hisba ta tattara ki ta sa mota ta bi ta kanki a bainar jama'a, kamar yadda take yi wa barasa shekara da shekaru, da kuma babu uban da zai bari a wuce da ke ta ƙofar zaurensa. Sai kika biyo ta kantin kemis, kika hau faifan mai tallar magani ranar kasuwar Getso, kika kwanta tsakanin maganin ciwon kai da na shawara, ana kiranki maganin gajiya, har tsohuwa takan kwance bakin zanenta ta saya wa jikanta ke da kuɗin ƙuli-ƙulinta, tana sa masa albarka.

Na ga aikinki da idona a daminar da ta wuce. Na ɗauki 'yan ƙwadago su yi mini maimai a gonar masara, da hantsi na bi su da kunu, na tarar da yaro guda, wanda gemunsa bai gama tsirowa ba, ya bar 'yan'uwansa a baya da kunya wajen biyar, gumi na zuba, idanunsa sun kaɗa, bakinsa ya bushe har ya yi fari, yana sara ba ya ɗagowa, na yi masa sannu bai ji ni ba. A bakin kunya kuwa ga 'yar takardarki mai ƙyalli, an ɓalle gurbi uku. Kafin azahar sai ga shi a ƙasa yana shure-shure, haƙora sun datse, kumfa na fita, fartanya a gefe. Abokansa ba su ko razana ba, suka ce ai ya saba, in an jima zai tashi. Ya kuwa tashi, ya karkaɗe jiki, ya nemi a ba shi kuɗinsa a kan yawan kunyoyin da ya yi, na ƙirga na ba shi, domin a haka muka yi ciniki.

A nan ne, Hajiya, ya kamata in faɗa miki abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato cewa na gano waliyyanki a garin nan, waɗanda suka ɗaura miki aure da 'ya'yanmu ba tare da sun nemi sadaki ba, kuma ba a Jamus ko Indiya suke ba. Akwai manomin da yake biyan lada a kan yawan kunya, ya fi son wanda zai yi aikin mutum uku a yini guda, bai taɓa tambayar inda ƙarfin ya fito ba. Akwai mai babur da yake ba yaro haya, ya yanka masa kuɗin da ba za su samu ba sai ya kwana a kan titin Gwarzo zuwa Dayi. Akwai ɗan siyasar da ya san cewa yaro mai cikakken hankali ba zai ɗauki gora ya bi motarsa da ihu tun safe har dare a kan abin da bai kai kuɗin tuwo ba, saboda haka yake aika a sayo ki tare da hula da riga mai hotonsa. Akwai mai kemis ɗin da yake sahun farko a masallaci, wanda in yaro ya miƙo kuɗi ya ce a ba shi kaya, yakan sunkuya ƙarƙashin teburi bai ce uffan ba. Babban waliyyinki kuwa shi ne abin da muke kira rufin asiri, domin uba ya gwammace a ce ɗansa aljanu ne suka shafe shi da a ce ƙwaya yake sha, tun da yake mai aljanu ana tausaya masa, ana kuma ba ƙannensa mata aure.

Kada ki yi zaton rashin sunanki a cikin Risala ko Muhtasar zai fisshe ki. Malamanmu tun tuni suka tabbatar cewa illar da ta sa aka haramta giya ita ce gusar da hankali, duk inda illa ta je kuwa hukunci yana biye da ita, ko da ruwa ne ko gari ko hayaƙi, kuma kiyaye hankali yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin ta tsare su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Ke kuwa da wuya ki taɓa guda ki bar sauran huɗun, gama wanda kika kama yakan bar salla, ya sayar da akuyar uwarsa, ya saki matarsa bai san ya saka ba, a ƙarshe a tsince shi a gefen hanya babur na kansa. Lissafin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi mu'amala da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu da ke da danginki, kuma a cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A jihar Kano abin ya kai kashi 16 cikin 100, fiye da mutum miliyan guda. Wanda duk ya ce waɗannan duka 'yan birni ne, to, bai zauna a teburin mai shayi a Kabo da asuba ba.

Abin da ya fi ba ki dariya, na sani, shi ne irin yaƙin da muke yi da ke, domin duk lokacin da muka fusata, ke muke bari mu far wa wanda kika cinye. Mukan fara da ruƙiyya da hayaƙi, in abin ya faskara mu kai shi gidan mari, a sa masa ƙarfe a ƙafa, mu dawo gida muna cewa mun sauke nauyi, har sai da 'yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane da tabon sarƙa da na bulala, sa'an nan muka yi salati kamar ba mu ne muka kai su da hannunmu ba. Alhali likitoci sun bayyana cewa jikin da ya saba da ke, in aka yanke masa ke farat ɗaya, sai ya ɗauki ciwon gaɓoɓi da zawo da gumi da rashin barci da firgita, waɗanda ba taurin kai ba ne balle a ce duka zai fitar da su, kuma wanda ya daɗe bai sha ba, in ya koma ya haɗiyi adadin da ya saba a da, yana iya zama ajalinsa. Magani a wurinsu shi ne a janye ki sannu a hankali a ƙarƙashin kulawa, a yi ta zama da mutum ana jan hankalinsa, a sama masa sana'a da abokan zama na kirki, in ya zame ya koma a sake ɗaga shi.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malami. Ubangiji Mai hikima, da Ya tashi raba sahabbai da giya, ai da tadriji Ya raba su, aka fara da ambaton cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, aka zo aka hana kusantar salla cikin maye, kana daga bisani haramci ya sauka a Ma'ida. Ya kuma tabbata a cikin Buhari cewa akwai wani mutum da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, saboda shan giya, ran nan wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Mu da muke tsine wa namu tun a karo na farko, ban san daga wane littafi muka ɗauko ba.

Ba zan ce hukuma ba ta yi komai ba, kada ki samu abin kai ƙarata. Hukumar NDLEA tana nan tun 1989, tun kuma da Buba Marwa ya karɓi ragamarta a 2021 ba a cika yin mako ba a ji an kama sunduƙanki ba. Akwai asibitin Dawanau, akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma makarantar gyaran tarbiyya da gwamnatin Kwankwaso ta kafa nan kusa da mu a Ƙiru. Amma ke kina kowane lungu a kan kuɗin da bai fi na shayi da burodi ba, likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai manomin Kutama ko Lakwaya ya sayar da buhu, ya yi tafiyar wajen kilomita 70, ya bi layi, sa'an nan a ce ya dawo wata mai zuwa. Ranar da aka wayi gari ƙaramin asibitin Gude ko na Getso yana da ma'aikaci ko da guda ɗaya wanda aka horar a kan sha'aninki, wanda uwa za ta iya zuwa ta faɗa masa gaskiya ba tare da labari ya riga ta komawa gida ba, ranar ce za ki fara rama.

Kafin nan, ga abin da ke hannuna. Bana ladan yini zan biya a gonata, ba na kunya ba, kuma duk wanda ya zo mini aiki sai ya ci ya ƙoshi kafin ya taɓa fartanya, ko da maƙwabta za su ce tsufa ya fara taɓa ni. Na kuma roƙi limaminmu, in zai yi huɗuba a kanki, ya ambaci mai saye da mai sayarwa da mai aike, kada ya tsaya a kan yaran da ko masallacin ba sa shigowa.

An ce baƙo raɓa ne, ke kuwa rana ta take har ta karkata ba ki da niyyar bushewa. In kin tashi tafiya, kuɗin motarki daga tashar Gwarzo har Ikko yana wuyana. Sai dai ina roƙon arziki, kada ki bar mana wakiliya, domin na ji labarin 'yar ƙanwar nan taki Tafrodol, wadda BBC ta bi sawunta har Mumbai a 2025, an ce ta fi ki zafin hannu, mu kuwa ɗakin baƙinmu a cike yake.

Haza wassalam.