Kaka, Kada a Taɓa Ɗakin Ciyawar Nan



Zuwa ga uwargidana, wadda har yau ake bi na sadakinta. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ya ƙafar, ya sanyin bana? Na ɗora wa autan Kawu amanar ya karanta miki takardar nan da ƙarfi, ta wajen kunnen da ke ji, kuma kada ya tsallake inda aka taɓo babansa.

Bayan haka, labari ya iso ni cewa Kawu zai rushe ɗakinki na ciyawa ya gina na bulo da rufin kwano da kuɗin da na aiko. Ki hana shi, ko da sanda ne. Dukiya kike kwana a ciki ba ki sani ba.

Kin san abin da ya kore ni daga gida: fartanya. Ranar da zan tafi kin ce ko bangon duniya na je sai ta biyo ni. To bakinki ya kama ni. Maigidan da na yi wa aiki a Abuja ne ya haɗa ni da wata Baturiya da ke da masaukin baƙi a nan Zanzibar, ita da mijinta ɗan ƙasa. Na sauka da kwat da takalmi sau-ciki, aka yi mini sannu da zuwa, aka miƙo mini fartanya. Masaukin a tsakiyar gona yake, wajen Kizimbani, kuma ni ne sarkin nomansa.

Wurin tsibiri ne, ruwan teku ta kowane gefe, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ruwa daga Darussalam. Manyan tsibiran biyu ne, Unguja inda nake da kuma Pemba, kuma tun 1964 suke haɗe da Tanganyika a ƙasa ɗaya, Tanzaniya. Mutanen kusan duk Musulmi ne, ladan ke tashina da asuba, don haka ki daina aiko tambayar ko ina salla. Damina biyu suke yi a shekara, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Nuwamba. Wato ciyawa ba ta hutu, ni ma haka.

Baƙinmu daga Italiya suke zuwa, da Jamus, da Faransa. Tun Oktoban 2024 kowannensu sai ya biya dala 44 ta inshora kafin ya shigo tsibirin, ban da kuɗin biza da na jirgi. Kuɗin kwana biyu a wajenmu kuwa zai sayi ragon layya. Me ake ba su? Bukka mai jinkar ganyen kwakwa, gadon igiya, gidan sauro, fitila ɗaya ta sola, ruwan sha a randa. Ba fanka, ba firji, ba talabijin. Ranar da na fara leƙawa na ce ai wannan ɗakin Kaka ne, akuyar ce kawai babu. Ba a jima ba uwar ɗakina ta sayo awaki, saboda baƙi sun yi ƙorafin ba sa jin kukan dabba da safe. Akwai ma kwando a bakin ƙofa inda mai so zai ajiye wayarsa har ranar tafiya, wai don ƙwaƙwalwa ta huta. Mu muna hawa dalbejiyar bakin masallaci neman sabis, su suna ƙetare teku don su rabu da shi.

Ki yi haƙuri, zan yi maganar bayan gida, don nan ne abin kallon yake. Masai ne ba ruwa. In mutum ya gama, sai ya zuba ludayi guda na garin katako ko toka. Rami biyu ne, in ɗaya ya cika a rufe shi ya yi watanni, a koma ɗayan, kafin nan na farko ya zama taki, ni kuma in kwashe in kai gindin ayaba. Ni ke yi wa baƙi bayanin wannan da Turanci, suna gyaɗa kai, suna ɗaukar hoto. Wani Bajamushe ya roƙi a nuna masa takin, ya damƙa, ya sansana, ya lumshe ido ya ce ƙamshin daji yake. Salgar gidanmu ta yi wa zuri'a guda hidima, ba wanda ya taɓa ce mata ko sannu.

Sai dai ba hauka ba ne gaba ɗaya. Akwai wani ɗan tsibiri kusa da birnin Zanzibar, Chumbe, wanda masu irin sana'armu ke koyi da shi. Wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ta kafa wurin, a 1994 kuma gwamnati ta hana kamun kifi a ruwan da ke gefensa saboda murjani, wasu halittu masu kama da duwatsu da kifi ke hayayyafa a cikinsu. Bukkoki bakwai ne kacal. Tsibirin ba shi da rijiya, don haka jinkar kowace bukka an yi ta ne yadda za ta tari ruwan sama, ya bi ta yashi da tsakuwa ya tace, ya taru a tanki ƙarƙashin ɗakin. Ƙasar wurin dutse ne mai huji-huji, duk ƙazantar da aka kora da ruwa teku za ta zarce ta kashe murjanin, shi ya sa masai busasshe. Masu gadin wurin masunta ne a da, kuma da kuɗin baƙi ake kai 'yan makaranta su ga abin da ke ƙarƙashin tekunsu. Tarar ruwan indararo da kike sa mu yi da tsakar dare, ashe ilimi ne, digirin ne kawai ba a ba ki ba.

Kowace safiya ina fita da baƙi gona. A gida mu ke biyan 'yan ƙwadago, mu kai musu fura har bakin kunya. A nan ɗan ƙwadagon ne ke biyan mai gona. Kafin rana ta ɗaga hannu ya yi bororo, sai a ajiye fartanya a ɗauki bororon hoto a aika gida. Wata 'yar Italiya ta nome mini layin citta tas, ta bar ciyawar a tsaye, wai ita ta fi kyan gani. Na ce madalla, domin an hana ni yi wa baƙo tsawa.

Kayan yajin da kika tsufa kina dakawa, ni na ga iyayensu. Masoro yaɗo yake yi ya naɗe bishiya. Kirfa ɓawon itace ne. Kanumfari kuwa fure ne da ba a bari ya buɗe ba: a hau doguwar bishiya a tsinko shi da hannu yana ja-ja, a shanya a tabarma sai ya yi baƙi. Asalinsa daga tsibiran Maluku ne a Indunusiya. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya dawo da fadarsa nan a 1840, shi ya cika tsibirin da gonakinsa, kuma bayi ne suka yi aikin. Wannan gaɓar masu zagayawa da baƙi kan wuce ta da sauri. A 1872 guguwa ta kwantar da bishiyoyin Unguja, tun daga nan Pemba ta karɓe kambun. Abin da ya rage mana a nan shi ne nuna wa baƙo, a saƙa masa hula da laktaye na ganyen kwakwa, yaro ya hau bishiya yana waƙa, a miƙa tukuici.

Abincinsu zai ba ki dariya har ki ƙware. Zogalen da kike cusa mana lokacin da rumbu ya yi ƙasa, muna ci muna hawaye, shi ake daka wa a ɗura a 'yar kwalba da tambari, a ce maganin tsufa ne. Garin 'ya'yan kuka a dama da madarar kwakwa. Zoɓo a kofin gilashi mai dogon wuya, ba sukari. Na ce musu ina da kaka da ta rayu a kan waɗannan, har yau ita ke raba faɗa a unguwa, kuma ita ke haɗa shi. Sun nemi hotonki. Ban ba su ba, kishi ya hana.

Ki gaya wa Kawu, wanda ya sha kwana a gona yana gadin masara da gwafa, cewa a dajin Jozani kuɗi ake biya a ga biri. Jajaye ne, babu irinsu sai a Zanzibar, har gawayi suke ci don ya kashe dafin ganyen da suke kiwo. Tun 2004 dajin ya zama babban gandun daji na ƙasa, kuma ana ba ƙauyukan kewaye wani kaso na kuɗin ƙofa. Biri ya yi ɓarna, biri ya biya diyya. In da ranka ka sha kallo.

Akwai dai abin da ba ya ba ni dariya. A bakin teku za ki ga katafaren otal da ya yi wa ƙofarsa jinka, ya rubuta cewa shi masoyin muhalli ne, alhali a ciki tafkin wanka ne da furannin da ake shayarwa safe da yamma. A bayan katangarsa mata ne a layi da jarkoki, don rijiyoyin wasu ƙauyukan sun soma gishiri saboda yawan zuƙa. A Paje da Jambiani kuma mata na noman wata ciyawar teku, wadda aka fara nomanta a 1989. In ruwa ya janye su shiga, su kafa turaku, su ɗaure ta a igiya, bayan kamar mako shida su cire su shanya. A waje ana sa sinadarinta a man goge baki da askirim, su kuwa abin da ake ba su a kilo bai taka kara ya karya ba, ga tekun na ƙara ɗumi yana kashe musu shuka. Su ma ana kai baƙi su ɗauke su hoto. Baƙona na wahalar kwana huɗu ne da tikitin komawa a aljihu. Su ba su da tikiti, ke ma ba ki taɓa samu ba.

Abu ɗaya da nake so a kwaikaya a gida shi ne leda. Tun 2019 aka haramta ta a duk Tanzaniya, da kwando ake cefane, akuya ba ta mutuwa da ƙulli a ciki.

To ga shawarata. A bar ɗakinki yadda yake, a ƙara biyu a gefensa. Da hunturu zan turo miki baƙi. Ki sa su sussuka, su yi daka, su jawo guga, kowane aiki da farashinsa, surfe ya fi tsada. Kawu ya zama mai bayanin salga. Matsalar ɗaya ce, bakinki: in Baturiya ta zubar da tsaba kika faɗa mata abin da kike faɗa wa matan jikokinki, kasuwa ta watse. Sa'ar dai ba sa jin Hausa.

Kin ce in aiko buhun kanumfari. Ba zai yiwu ba. Manomi a nan kamfanin gwamnati yake sayar wa, mai fitar da shi ta bayan fage kuwa ɗan sumoga ne, kuma ban shirya ki zama matar fursuna ba. Ƙulli uku na sayo a kasuwar Darajani, na ba wani ɗan Kano mai fatauci zai kawo. Ɗaya na Inna ne, ta riƙa sa wa kunu. Ɗaya na liman. Na ukun da naki ne, amma an tabbatar mini babban amfaninsa maganin ciwon haƙori ne, don haka ki miƙa wa Kawu, tunda shi yana da abin da zai yi ciwon.

A gaida kowa da kowa, har da masu cewa ba zan dawo ba. A aiko mini da daddawa da kuka ta hannun mutumin, don miyar kwakwa ta ishe ni.

Ni ne naki,
Maigidan da ba ya cefane.