Aurar da Jadawali Biyu a Notepad

In ana son a gwada haƙurin bawan Allah, a ba shi jadawali biyu, ɗaya na sunayen ɗalibai, ɗaya na makinsu, a ce ya haɗa su layi-layi a cikin Notepad. Shi tsohon Notepad ba ruwansa da gidajen jadawali. Haruffa kawai ya sani, sai waƙafi da ke nuna inda kowane gida ya ƙare. Ka kwafo layi, ka liƙa a ƙarshen ɗan'uwansa, ka koma. Kana tsaka da haka waya ta yi ƙara, ka tsallake layi guda. Shi ke nan, daga nan har ƙasa kowa ya gaji makin maƙwabcinsa. Yaron da bai taɓa cin lissafi ba ya wayi gari da 98, a gida har an fara kiransa likita.

Abin haushi, maganin ya daɗe da samuwa. A Notepad++, wanda Don Ho ya fitar a 2003, riƙe Alt ka ja linzami, sai ka ɗebo jeri guda daga sama har ƙasa. Masu Linux kuwa umarnin paste ya ishe su. Sai dai paste irin waliyyin nan ne da ke ɗaura aure bai tambayi sunan amarya ba: layin farko da na farko, a shafa fatiha. Umarnin join ne ke duba lambar ɗalibi, in akwai ta a fayilolin biyu, shi ma sai an jera layukansu bi da bi.

Don Allah malam, ƙirga layukan kafin ka raba sakamako.