Eriya Ba 'Yar Gidansu Ba Ce

Duk mai eriya a kan gora ya san aikin: yaro a gindin katanga yana juyawa, maigida a ɗaki yana ihu, "Ya yi! A'a, koma baya!" In an gaji sai a kira kamfanin dish, tunda su ke karɓar kuɗin wata. Amsarsu ɗaya ce: farantinsu tauraron ɗan Adam yake kallo, can sama da kilomita 35,000, ita kuwa eriya turken gidan talabijin na gari take nema. Wato an kai wa mai raƙumi ƙarar akuya. Amma ba sa ƙin turo ma'aikaci. Zai zo, ya dubi gorar, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, sai dai sabuwar dikoda." Kuɗin mota kuma daban.