Yadda Ɗan Birni Zai Ci Hutun Hunturu a Ƙasar Rima

Wannan shawara ta ɗan gida ce da ya yi nisa, ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka sallamo hutu, ko ma'aikacin Abuja da bai tuna yana da dangi a Wurno, Rabah ko Goronyo sai Disamba ta kama. Ka taho da niyya cike da jaka. Za ka ɗauki hotuna, ka karance littattafan da ka saya tun bara, ka riƙa gudun motsa jiki da asuba, ka kishingiɗa da kiɗa a kunne. Madalla da niyya. Sai dai wani baƙo ya riga ka sauka, kuma bai yi wa kowa sallama ba. Hunturu ke nan, wanda ya kwaso ƙurarsa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya ratso Nijar ba fasfo, ya yada zango a fadamar Rima sai Fabrairu ta yi nisa.

A fara da jiki, tunda shi za a ɗauka a hoto. Man shafawar nan mai ƙamshi da ka saya da tsada, mayar da shi jaka, iska za ta shanye shi kafin ka kai zaure. Je ka durƙusa gaban inna ko goggo ka roƙi man kaɗe, ka shafa har sai kana ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Ka bi dugadugai saboda faso, ka lakaci kaɗan ka sa a leɓe, kuma kada ka yi dariya da ƙarfi kafin hantsi. Batun wanka kuwa, masanan bakin masallaci sun kasu biyu. Wasu na ganin a bari sai azahar, ruwa ya sha rana. Wasu na ganin ai Juma'a ba nisa gare ta ba. Ba ni shiga wannan rigima, amma duk wanda ya ce maka da ruwan randa yake wankan asuba a Janairu, ka nemi ya kawo shaidu biyu.

To, hoto. Kowa zai ce ka tafi dam ɗin Goronyo, kuma da gaskiyarsu, domin tun 1984 da aka kammala shi yake tare ruwan Rima, yana iya riƙe sama da kubik mita miliyan 900 na ruwa in ya cika. Ka nemi izinin masu gadi, ka gyara tsayuwa, a ɗauka. Abin da zai fito shi ne fari a sama, fari a ƙasa, kai a tsakiya ka runtse ido. Hazo ya haɗe ruwa da sararin sama, ba mai iya cewa ga inda ɗaya ya tsaya. Kada ka ɗauki wannan asara. Hoton da ba a gane wurin da aka ɗauke shi ba, kana da ikon rubuta masa sunan garin da ka so a Facebook. Wasu sun sa Landan sun kwana lafiya, har sai da wani ɗan uwa ya hango jaki a gefen hagu.

Farar shadda ka bar ta sai ranar komawa. Manhajar nan ta waya da ke tsofar da fuska ma ba ka bukatarta. Hau kabu-kabu daga kasuwar Achida zuwa Wurno, za ka sauka da furfura a gira da gashin ido, yara su gaishe ka da "sannu, Baba".

In kana son launi na gaskiya, gangara fadama. Nan ne kaɗai hunturu ya kasa cin kore: fangalin albasa da tafarnuwa jere har iyakar gani, ruwa na bin lambatu, injin ban-ruwa na ta tari. Amma ka gaida mai gona kafin ka ɗaga waya, kuma ka sani cewa in ka karɓi fartanya don hoto ya yi kyau, ba lalle ne ya karɓe ta da wuri ba. Matan da ke wucewa da kaya a ka, ba ka da hurumin ɗaukarsu. Hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, wurin ziyara ne da addu'a, ka ajiye ɗaga yatsu biyu a waje tare da takalmanka. Kuma kada ka zaci kai ne matafiyi na farko da ya zo kallon garin. Bajamushen nan Barth, da ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba. Da alƙalami da takarda ya zo, kuma har yau ana karanta abin da ya gani, alhali hotunanka na bara sun tafi tare da wayar da ta faɗa rijiya.

Karatu shi ne mafi sauƙi a baki. Dare ya yi tsawo, bargo ya yi ɗumi, ka buɗe littafi da fitilar waya tunda wutar lantarki ta tafi nata hutun. A shafi na uku barci zai zo ya karɓi littafin. Ba laifinka ba ne. Abin kiyayewa ɗaya ne: a hunturu ƙura ba ta rufa wa kowa asiri, ƙanenka na iya rubuta sunansa da yatsa a bangon littafin da ka ce kana karantawa. Saboda haka kowace safiya ka goge shi, ka matsar da tsinken alama gaba da shafi goma. Wannan ha'inci kuwa a ƙasar da Muhammadu Bello ya zauna yana mulki, yana fita yaƙi, yana kuma wallafa littattafai har kan magunguna, ga Infakul Maisuri da ke hannun masana tarihi har gobe. In ka ji kunya, daidai ne.

Akwai hanyar da ba ta da ha'inci. Ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ka tara yaran gida a bakin wuta bayan isha'i, ka karanta da murya. Ba za su bar ka ka yi gyangyaɗi ba. In a Rabah kake, ka riƙe littafin da Sardauna Ahmadu Bello ya rubuta kan rayuwarsa, wanda ya fito a 1962, ka zauna da shi jikin bango wurin shan hantsi. Ba sai ka buɗe ba. Dattijo zai zo ya ba ka labarin duka, da gyare-gyaren da marubucin bai sani ba. Masu karatun hunturu na ainihi dai su ne almajiran da ke kewaye da wutar kara da allunansu tun kafin ka juya a shimfiɗa, wasu da riga ɗaya tal.

Yanzu ga babbar magana, gudu. Ka fahimci abu guda: a nan ba a gudu banza. Wanda aka gani a guje, ko an koro shi ne, ko shi ya koro wani. Da halin tsaron da gabashin Sakkwato ke ciki a shekarun nan, mutum ɗaya da ya ratsa unguwa a sukwane da duhun asuba na iya tayar da gari gaba ɗaya, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Don haka tun da dare ka sanar da mai unguwa da 'yan sa-kai, ka bari gari ya waye sarai, kada kuma ka bar cikin gari. Karnuka ne kawai ba su karɓar sanarwa.

Gajeren wandon da ka zo da shi, ka bar shi inda yake. Za ka fita da dogon wando, rigar sanyi biyu, hular da ta rufe kunne da takunkumi saboda ƙura. Kafin ka sha kwana ta biyu, wani tsoho zai tare ka da sandarsa.

"Lahiya, ɗana? Mi yak koro ka?"

"Baba, motsa jiki nake yi."

"Awo. To ga gonata can, ruwa nika ba albasa. Taho ka motsa shi da lada."

Ba ka da amsa, kada ma ka nema. Mutumin nan tun asuba ƙafarsa ke cikin ruwan sanyi, ɗansa kuma na ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya ɗora a kan mota, ba agogon da ke ƙirga masa taku. Dabarar da ta fi ita ce ka ba gudunka dalili. Riƙe ƙwallo ka nufi filin makarantar firamare, ba wanda zai tanka. In babu ƙwallo, kwance akuyar gidanku ka bi ta. Unguwa duka za ta taya ka, ka yi zufa, a kuma yaba maka da kula da dukiyar iyaye. Ko ta wace hanya ka bi, gudun a wurin mai koko da ƙosai yake ƙarewa, inda za ka mayar da abin da ka ƙona har da riba.

Kiɗa kuma, abin toshe kunnen nan yana da amfani, yana tare iska. Illarsa ita ce ba ka jin gaisuwa, kuma wanda aka ce masa "ina sanyi" sau biyu bai amsa ba, kafin azahar labari ya kai gidan kawunsa cewa birni ya lalata shi. Toshe ɗaya, bar ɗaya don jama'a. Abin da za ka saurara, ai kana ƙasarsa. Ɗan Anace na Gandi, a nan ƙasar Rabah, ya ishe ka ɗumi, amma da sharaɗi: bayan ka ji yana wasa ɗan damben nan Shago za ka ji ƙarfi ya zo maka a dantse, ga shi bayan kaka ne, lokacin dambe. Ƙarfin nan na kalangu ne, ba naka ba. Tsaya a bayan 'yan kallo. Da dare ka sa Narambaɗa a zaure, ka yi shiru, dattawa za su kwana suna gardamar wanda yake yi wa zambo. In batir ya mutu, rediyon Baba na nan a kan tashar Rima, ba ya neman data.

Magana ɗaya ba raha a cikinta. Kada ka kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe mutum cikin barci, kuma a kashe wutar jin ɗumi kafin a watse, domin iskar nan ba ta jira da danni da rumbu.

Ranar tafiya ka sayi albasa da tafarnuwa a hannun manomin da ka ɗauki hoton gonarsa, ban da ciniki mai tsanani. Rigunan sanyin nan biyu ka bar wa almajiran unguwa. In kuma kana son a yarda kai ɗan gida ne, ka dawo a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mu ga gudun.