Masu Zuwa Wankin Hoto a Tamanrasset

Duk wanda ya zauna bayan kwamfuta a shagon hoto a Tamanrasset ya san firinta mai sauƙin hali ce. Iskar Ahaggar busasshiya ce, ga ƙura, in ka bar na'urar ba aiki tawada ta daskare, ta fara ja wa mutane layi-layi a fuska. Ka fitar da takardar gwaji, ka sa ta wanke kanta, an shirya. Masu kawo hoton su ne aiki.

Da sassafe Hajiya take zuwa. Hoton jikanta aka turo daga Damagaram, ya bi wayar ɗiyarta, ya bi ta maƙwabciya, ya kwana a zauren WhatsApp na dangi, sannan ya iso. So take a yi mata babba na ratayewa a bango. Ka ce, "Hajiya, WhatsApp matse hoto yake yi. Ko ƙaramin nan na santimita 10 da 15 yana son ɗigo wajen 1,200 da 1,800 kafin ya fita tas. A ce su sake turo shi a matsayin fayil." Ta kawo wayar dab da hancinka: "Ɗana, ga shi nan ina ganinsa ras." In ka bi nata, yaro ya fito da kumatu gida-gida, ta ce jikanta ba haka yake ba. Gaskiyarta kuwa.

Akwai wanda hoton allon wayarsa ya ɗauka, sai aiki ya fito da agogo da ragowar caji a bisa kan amarya. Akwai mai dogon hoton waya da ba ya shiga takarda sai an yanke, ka tambaye shi rawanin Alhaji za a sadaukar ko takalminsa, ya ce duka yake so. Akwai baƙon jiya, wanda bai san mutanen Aljeriya da santim suke lissafi ba, ya ji yaron shago ya ce dubu goma ya dafe ƙirji, alhali dinari 100 ake nufi.

Amma gwanina shi ne Injiniya. Kwamfutarsa a hammata yake shigowa, kafin sallama ya tambayi irin takardar da kuke aiki da ita. Yana da Photoshop, wani abokinsa ne ya sa masa a Agadas, tun daga ranar kuwa bai ƙara ganin wanda ya fi shi ba. Hoton fitowar rana ya ɗauko daga Assekrem, ya kwana yana gyara, ya ja launi har duwatsu suka koma shuɗi. Hasken allonsa a ƙure yake, ko da dare zai iya haska tsakar gida. Hoto ya fito da duhu, ya girgiza kai cikin tausayi: "Maigida, firintarku ta gaji."

Ka lallaɓa ka ce masa allo fitila ne, takarda kuwa aron haske take yi, ya rage hasken allon zuwa rabi ya sake dubawa. Ya yi murmushin wanda yaro ke koya wa karatu. Ya ja kujera, ya ce a matsa masa. Ya juya hoton zuwa CMYK don ya ji an ce da shi ake ɗab'i, bai san irin waɗannan firintocin RGB suke jira su yi lissafinsu da kansu ba. Ya umarci Photoshop ya kula da launi, ya bar firinta ita ma tana kula da shi, gyara biyu a kan hoto ɗaya, fuskar mutumin da ke gefen dutse ta fito kamar an tsoma ta a zoɓo. Ya zaɓi saitin takardar rubutu alhali mai sheƙi ce a ciki. Ya dangwala babban yatsa ya ga ko ta bushe. Ba ta bushe ba. Ya fita da ita tsakiyar rana ya duba, ya dawo ƙarƙashin fitila ya duba, ya ce launin ya canza, a bincika. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In ya gaji ya tashi, ka mai da komai yadda yake, hoto ya fito lafiya, sai ya gyaɗa kai: "Ka ga abin da nake gaya maka." Wajen biya, guda ɗaya ya sani. Sauran ai gwaji ne.

Bayansa sai budurwa mai hoton takardun hukuma, santimita 3.5 da 4.5, wadda manhajar kwalliya ta goge mata hanci, ta ƙara mata ido. Ka ce ma'aikaci fuskar da ke gabansa zai nema a jikin takarda, ta ce ai ya fahimta. Sai Malam Gobe, wanda lokacin kasuwar Assihar yake ba da aikin hoto tuli, ya ce da la'asar zai dawo. Yanzu haka yana Ghardaïa ko Oran, hotunansa na cikin aljihun tebur suna jiran la'asar.

Masu son a canza musu bango ba na jin haushinsu. Yaro ya wuni yana ɗaukar siminti a wurin gini, ya ari riga mai kyau, ya ce a sa masa furanni da shuɗin ruwa a baya don hankalin tsohuwarsa ya kwanta a Matamaye. Wannan da hannu biyu nake yi masa, har inuwar ƙafarsa nake gyarawa kada a gane.

Wanda ke ɓata mini rai daban ne. Shi ba uwa zai aika wa ba. So yake a jingina shi da Hilux da ba tasa ba, a gaban bene da ba nasa ba, a wanke masa da yawa, ya ba yaransa su zaga ƙauyuka suna nuna wa mata da matasa abin da ake samu a Aljeriya, kowa ya kawo kuɗin mota. Ya san gani ya kori ji. Ba zai ce a sa masa hanyar Arlit zuwa Assamaka a bango ba, ko kilomita wajen 400 da ke tsakanin In Guezzam da nan. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Irin wannan mutum in ya miƙo waya, tawadata a take take ƙarewa, kuma ba ta dawowa sai ya fita.

Saura mai shago, wanda ke yi wa kowa wa'azin cewa takarda ba ta ƙarya. Hotonsa na nan a bisa kanta, cikin gilashi, ƙuruciya sharkaf. Masu hassada na cewa an taɓa shi. Haske kawai na daidaita. Furfurar da kanta ta ga dama ta tafi.