Wasiƙa Daga Bronx: Banki Kafin Dillali

Yaya,

Ka tambaya me ya sa mutanenmu na Amurka da zarar sun yi niyyar sayen gida sai su nufi banki, alhali ko ƙofar gidan ba su gani ba. Yaya, a Kano za ka sayi fili, ka sauke bulo, ka yi shekara goma kana ginawa, awakin maƙwabta na kwana a falonka, babu mai tada maka hankali. A nan kuwa yawancin gidaje da bashin shekara 30 ake saye, shi ya sa mai hankali yake fara auna aljihunsa kafin ransa ya biya.

Awon farkon ba shi da wuya. Za ka faɗa wa mai ba da bashi albashinka da basussukan da ke kanka da abin da ka tara, shi kuma ya ƙiyasta iya gidan da za ka iya ɗauka, galibi kyauta. Akwai makin amana da ake ba mutum, daga 300 zuwa 850. Mai maki 580 yana iya samun bashin da hukumar FHA ke tsaya wa da kafin alƙalami na kashi 3.5 cikin ɗari. Tsohuwar ƙa'idar ita ce kada kuɗin gida na wata-wata ya wuce kashi 28 na albashi, duk basussuka kuma kada su haura 36. Wanda ya san wannan tun da wuri yana da lokacin biyan bashin mota, ya kuma zuba kuɗin adashensa a asusu, domin banki yana duba takardun wata biyu, kuma ba ya karɓar “wallahi nawa ne” a matsayin shaida.

Na san za ka ce ai wannan ba alkawari ba ne. Gaskiyarka. Bincike na ainihi yana gaba, inda za su nemi takardun haraji da na albashi, su tona asalinka fiye da dangin amarya. To amma gara a gano matsalar tun ana hira da a gano ta bayan uwargida ta zaɓi launin labule. Masu tsoron maki zai faɗi su kwantar da hankali: awon farko yawanci ba ya taɓa shi. Batun riba kuwa, wanda na san shi ne Kawu zai fara tambaya, akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da ke sayen gida tare da kai bisa tsarin musharaka, su ma da wannan awon suke farawa.

Gargaɗina ɗaya ne: adadin da banki ya faɗa iyaka ce, ba umarni ba. Lissafinsa bai san kuɗin da ake aikowa gida ba, bai san ragon Layya ba, ga kuɗin kammala ciniki na kashi 2 zuwa 5, ga gyaran rufi. Don haka a karɓi adadin a rage shi da kyau, domin gidan da ya hana mutum aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane ya yi tsada ko nawa ne.

A gaida Inna da kyau.

Ƙaninka